Langar da ta dawo wayam

Ni haifaffiyar Nima ce a birnin Accra, shekarata 49, sana'ata dafa wake da shinkafa, abin da duk Ghana ke kira waakye. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin mutanen da ke cikin labarin nan suna raye, wasu ma bango ɗaya ne tsakanina da su. Shekara goma ina haɗiye wannan magana. Da wani ne ya cuce ni, da tuni na ba da labari har da ƙarin gishiri. To ni ce na yi cutar, shi ya sa bakin ya yi nauyi.

Kakana na wajen uwa daga ƙasar Katsina ya taso da fataucin goro, ya biyo ta Salaga, ya zauna Kumasi, daga baya ya gangaro Accra, wadda tsofaffinmu har suka koma ga Allah Ankara suke ce mata. Gidan da na tashi gidan haya ne mai ɗaki 14 da famfo ɗaya. Akwai mu Hausawa, akwai Kotokoli, Zabarmawa, Dagomba, da wata mata 'yar ƙabilar Ewe mai ɗinki. A cikin ɗaki kowa da yarensa, amma in faɗa ya tashi a bakin famfo da Hausa ake yin sa, Hausar nan tamu ta zango da 'yan Najeriya ke yi wa dariya don mukan ce wa mace "ya zo".

Abin da na fara riƙewa a rayuwata yunwar 1983 ce, ina da shekara 7. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta cinye gonaki, ga mutum wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya a farkon shekarar, cikinsu har da ƙannen Mma, wato mahaifiyata, su biyu da suka dawo daga Legas da jaka ɗaya tsakaninsu. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito fili, ana ce masa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasa na lokacin. A cikin wannan hali Ƙaramar Sallah ta same mu. Abin da ke ɗakinmu garin jar masara ne, da busasshiyar kuɓewa, da kan kifi guda biyu. Nama babu ko na rantsuwa.

Ina ganin Mma kamar yanzu. Daren jajibiri ta zauna da toka da soso tana goge langunanta har sai da fitila ta riƙa nunawa a jikinsu. Ta tankaɗe garin sau biyu. Ta tuƙa tuwo babu gudaji ko ɗaya, ta kwashe shi ƙananan malmala, kowace sumul kamar ƙwai. Duk wanda ya shigo barka da Sallah malmala ɗaya ce rabonsa, amma sai an shimfiɗa masa tabarma, an kawo masa ruwan wanke hannu, an ba shi ruwan randa a kofin da ta ɗaga ta duba a hasken rana. Ba ta ba kowa haƙuri a kan ƙarancin abincin ba, ba ta kuma nuna akwai abin da babu ba. "Abin da Allah ya hore ke nan, bismillah." Iyakar maganarta ke nan.

Ni kuwa kullum abin da take ce mini, ko tsintar wake nake yi ko wankin tukunya, shi ne: "Ki yi shi kamar mai ci yana tsaye a kanki." Na ji, na kuma koya, hannuna ya faɗa tun ban kai aure ba. Sai dai abin da ya zauna mini a zuciya ba shi take nufi ba. Abin da na kama shi ne yabon da ke biyo baya, in baƙo ya suɗe hannu ya ce, "Kai, gidan nan akwai hannu." Wannan kalma ta zame mini goro. Ranar da ban ji ta ba kaina ciwo yake.

Na yi aure a 1998. Maigidana direban motar haya ne, wadda muke ce wa trotro, mutum mai sanyin hali wanda in ya ce a'a sau ɗaya ba ya sake maimaitawa, kuma na daɗe ina cin amfanin wannan hali nasa. Na kafa teburina a bakin titi, Allah ya sa albarka. Ma'aikata daga unguwar Kanda suna tsayawa da mota su saya, wasu su aiko masinja da kula. Lokacin da aka canza kuɗi a 2007, sidi 10,000 ya koma sidi 1, 'yan mata uku ke taya ni aiki. Mma ta rasu a 2009. Ta bar mini langunanta, ta bar mini kuma nauyin buɗe ƙofa ranar Sallah.

Wanda bai taɓa Sallah a Nima ba sai an yi masa bayani. Maza su tafi Idi, da yawa har Independence Square, su bi Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu. Suna dawowa gari ya ɗinke: yara ayari-ayari suna yawon barka da Sallah, dawakai da makaɗa a babban titi, kwanuka suna giftawa juna tsakanin gidaje. Tun zamanin Rawlings aka mai da ranar hutu ga ƙasa baki ɗaya, don haka abokan aiki da maƙwabta Kiristoci su ma suna shigowa cin shinkafar Sallah. Ƙofar da aka ga a rufe ranar, ana ɗauka ko rasuwa aka yi.

Shekarar farko bayan Mma tuwo na yi da miyar ayoyo, da shinkafa da miya. Ta biyu na ƙara jolof da soyayyun kaji. Ta uku na yi hayar kujeru da rumfa. Ina da faccala, mijinta yana Amurka yana aiko da dala. Ba mu taɓa sa-in-sa da ita ba, da faranti muke yaƙinmu. In na ji ta soya kaji 10, sai na soya 15. In ta fitar da yayi ita da ƙawayenta, ni ma sai na fitar. Kuma ina da hujjata a baki: ai Manzon Allah ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa. Da wannan hadisi nake rufe bakin maigida duk shekara.

Cikin langunan Mma akwai wata mai furen shuɗi, bakin murfinta ya ɗan fashe. Wannan ta Anti ce, matar nan Ewe mai ɗinki. Tun ina yarinya duk Sallah a cikinta ake kai mata abinci, kuma ba ta taɓa dawo da ita wayam ba: ko lemu, ko sabulu, ko ɗan ƙyallen da ya ragu. In Kirsimeti ta zo, wadda a nan muke ce wa Buronya, sai ta kawo kazarta wajen malamin gidanmu ya yanka mata, don kawai mu iya ci. A shekarar da nake ba ku labari tana riƙon jikanta, yaro ɗan shekara 4. Shi ma Mma yake ce mini. In ina kwashe waakye da asuba yakan fito da kwanonsa na roba ya tsaya bai ce komai ba.

Sai 2015. Duk wanda ya zauna Ghana a shekarar ya san dumsor: a ɗauke wuta awa 24, a kawo ta awa 12, wani lokacin ko hakan ba a cikawa. Ranar 3 ga Yuni kuma aka yi ruwan nan da ya haɗu da gobara a Circle, babbar mahaɗar hanyoyin Accra, mutum kimanin 150 suka rasu. Allah ya tsare maigida, ya bar motar ya hau wani bene, amma ruwa ya shanye injin. Azumi ya kama bayan mako biyu, babu mota, babu kuɗin gyara, teburina ne kaɗai ke ciyar da gida.

Wani dare bayan asham ya ce mini, "Bana ki sassauta. Ki yi tuwo irin na Mma, kowa ya san halin da muke ciki."

Na ce, "Haba Maigida, so kake a ce mun karye?"

Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya fita. Washegari na je wajen wani kamfanin ba da rance na ci bashin sidi 1,500 ba da saninsa ba.

Saura kwana huɗu Sallah na je shagon kifi da kajin ƙanƙara na sayi katan huɗu na cinyoyin kaji, kowane kilo 10, don in riga tashin farashi. Na jera su a firiza na rufe, na ɗora bargo a kai kamar yadda kowa ke yi. Daren nan aka ɗauke wuta. Ba ta dawo ba sai bayan kusan kwana biyu, ta yi 'yan awoyi ta sake tafiya.

Daren jajibiri na ɗaga murfin da tocila a hannu. Abin da ya fara dukana ba wari ba ne sosai, wani ɗan tsami-tsami ne mai nauyi. Kwalayen sun jiƙe sun yi laushi. A ƙasa ruwan jini ya taru ya sake yin ƙanƙara sama-sama. Na ɗauki cinya ɗaya, fatar tana santsi kamar an shafa mata kuɓewa, wajen ƙashi ya fara sauya launi. Shekara 14 ina sana'ar abinci a lokacin. Babu wanda zai gaya mini ma'anar abin da ke hannuna.

Babbar 'yata, tana da shekara 16, tana tsaye a bayana da roba. Ta ce, "Mma, wannan warin fa?"

Na ce, "Warin firiza ne. Je ki sayo lemun tsami."

Ta tsaya. Na daka mata tsawa, ta tafi.

Na wanke kajin sau uku da lemun tsami da gishiri. Na tafasa su da citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro, ninkin abin da na saba sawa. Na soya su har suka yi ja sosai, na barbaɗe da yaji. Ƙamshi ya cika gidan, mata suna leƙowa suna cewa bana ma ba a magana. Ina juya kaji a mai ina ce wa kaina wuta tana kashe komai. Amma ga abin da ya hana ni barci shekaru: da gari ya waye na kira yarana huɗu ɗaki na ce kada wanda ya taɓa kaza, na baƙi ce, su ci kifi. Ni ma ban kai ko tsoka ɗaya bakina ba. Wadda ta yarda wuta ta kashe komai ba ta yin haka.

Ranar Sallah na sha yabo har na ƙoshi. Na cika langa mai furen shuɗi da jolof, na ɗora cinya uku a kai, na aika wa Anti.

Wajen ƙarfe 11 na dare aka fara. Ɗan Zabarmawan ɗakin ƙarshe, sai wani abokin maigida da aka bugo waya, sai yara biyu a gidan da ke bayanmu. Amai da gudawa. Kafin asuba na ƙirga mutum 11. Hankalin kowa ya tashi, domin a 2014 kwalara ta yi ɓarna a Accra, ba a manta ba. Manya suka sha ruwan gishiri da sukari suka miƙe bayan kwana biyu. Jikan Anti kuwa, da aka fito da shi idanunsa sun faɗa, wuyansa ba ya tsayawa. Ni na riƙe shi a tasi. Jikinsa ba nauyi, kamar na ɗauki zani. A asibiti wata nas ta tambaya me ya ci, Anti ta juyo ta dube ni, na ce, "Abincin Sallah ne kawai, kowa ma ya ci." Kwana uku ana yi masa ƙarin ruwa. Ina kai musu koko da safe, Anti tana yi mini godiya.

Yaron ya tashi, alhamdu lillahi. Unguwa kuma ta shiga neman mai laifi. Akwai wata yarinya 'yar arewa da ta bar dakon kaya a kasuwa ta fara ƙulla sobolo, wato zoɓo, a leda tana sayar wa yara. Wani ya ce ai yaran duk sun sha sobolonta. Wani ya ƙara da cewa an ga inda take ɗiban ruwa. Samari suka kifar mata da kula a tsakiyar layi, jan ruwa yana gangarawa kwata, tana kuka tana rantsuwa da Hausarta da ba ta nuna ba. Ina tsaye a bakin teburina da ludayi a hannu. Ban ce uffan ba.

Na gaya wa yayata gaskiya a asirce. Ta ce, "Tunda ba a rasa rai ba, a bar kaza cikin gashinta." Ko a lokacin sai da na ji karin maganar ya soke ni. 'Yata kuwa ta daina haɗa ido da ni. Ta gaishe ni, ta yi aikin da na sa ta, amma in na miƙa mata abinci sai ta sunsuna kafin ta ci, a gabana.

Bayan mako uku, a makarantar matan da muke zuwa ranar Asabar, malam ya kawo hadisin da Manzon Allah ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya ce masa me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi ha'inci ba ya tare da mu. Malam bai san komai ba, darasin ranar ne ya zo a haka. Ni dai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Shi mutumin ruwan sama ne uzurinsa, ni dumsor.

Daren nan na gaya wa maigida komai, har da bashin. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Yaron mutane fa. Ki je ki gaya mata da bakinki." Da safe na yafa mayafi. Ina fita sai na ji mutum a bayana, ashe 'yata ce. Ba ta ce komai ba, ta dai biyo ni.

Anti tana kan keken ɗinki. Na durƙusa na ce, "Anti, na zo da magana mai nauyi." Na faɗa mata tun daga buɗe firiza. Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Yaranki sun ci?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da ɗinkinta.

Da yamma jikan ya kawo langar Mma, an wanke ta tas an goge. Na buɗe, babu komai a ciki. Tunda nake ban taɓa ganin cikin langar nan wayam ba in ta fito daga ɗakin Anti.

Na nemi yarinyar mai sobolo don in wanke ta a gaban mutane, aka ce ta kwashe kayanta ta bar unguwar. Na je inda 'yan garinsu ke kwana, na bar saƙo da ɗan kuɗi, na koma sau uku. Har yau ban sake sa ta a ido ba. Abin da na iya yi shi ne na tsaya a taron matan layinmu, gaban magajiya, na ce ba sobolo ba ne, kajina ne.

Magana ba ta kwana a Nima. Cikin mako ɗaya aka raɗa mini suna mai kajin dumsor. Tukunyar da ke ƙarewa ƙarfe 10 ta koma kaiwa azahar da saura. 'Yan matan da ke taya ni suka watse. Masu rance kuma ba ruwansu da kunyar kowa, duk mako suna bakin ƙofa da littafi. Na sayar da firizar, na sayar da atamfofina na aure, na naɗe teburin. Ana cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, ni ta bar ni da bashi biyu, kuma na kuɗin shi ne mai sauƙi. Wata biyar ba na fita sai dole. Ruwa ma sai ƙarfe 3 na dare nake ɗiba don kada in haɗu da kowa a famfo. Akwai ranakun da in na ji ƙamshin suya daga wani ɗaki sai zuciyata ta tashi.

Wata tsohuwar ƙawar Mma, Hajiya ce a unguwar Mamobi da ta fi shekara 40 tana waakye, ita ta aiko a kira ni. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta turo mini faifai da buhun wake ta ce, "'Yar nan, tsince." Ni da na riƙe ma'aikata uku, na koma tsintar wake a kan ladan yini. Wata uku ba ta bar ni na taɓa ludayi ba. In na gama sai ta zuba hannu ta motsa, in ta sami tsakuwa ɗaya ko ƙwaya mai huji, ta mai da mini duka.

A wurinta na sake koyon abin da na ɗauka na sani. Karan dafi sai an wanke shi kafin ya shiga tukunya, shi ke ba waakye jan launinsa. Kanwa 'yar kaɗan ce, in ta yi yawa waken ya dame ya yi bauri. Shinkafa ba ta shiga sai waken ya kai inda za ki murƙushe shi da yatsa amma bai fashe da kansa ba. Shito kuwa, da busasshen kifi da jatan lande da barkono da citta, a kan wuta ƙasa-ƙasa ake juya shi awa da awanni har ruwan ya ƙone mai ya taso, don in da sauran ruwa ba ya daɗewa. Ganyen da ake naɗe abincin ma ɗaya-ɗaya take sa a wanke a goge.

Ranar da ta fara bar mini shito, na juya baya na amsa waya, ya ɗan kama ƙasa. Kaɗan ne ƙwarai. Na juye na sama a wata tukunya na ce, "Hajiya, ba wanda zai gane."

Ta lakata ta ɗanɗana. Ta ce, "Ke kin gane?"

Na ce, "Na gane."

Ta ce, "To zubar. Kuɗin kifin a ladanki."

Na zubar ina hawaye, ladan kwana shida ya tafi. Ina wanke tukunyar ne maganar Mma ta dawo mini, ki yi shi kamar mai ci yana tsaye a kanki. Shekara 30 ina ɗauka tana nufin in yi abin da zai burge shi ne.

A 2016 na je gwajin lafiyar da ake yi wa masu sayar da abinci, na tambayi wata ma'aikaciya abin da ya daɗe yana cina. Ta ce nama in ya narke ya zauna cikin ɗumi ƙwayoyin cuta hayayyafa suke yi, sake daskarewa kuma kwantar da su kawai yake yi, ba ya kashe su. Wasunsu ma suna barin dafi wanda zafin mai ba ya karya shi. Na gaya wa duk matar da ta tsaya saurarona, har wasu suka fara gudun zancen.

Na sake kafa tebur da olonka uku na shinkafa kacal, wato gwangwanin awonmu. In ya ƙare ya ƙare, ba na ƙari, ba na kuma ɗumame in sayar. Mutane suka dawo sannu a hankali, wasu ba su dawo ba har yau, ban kuma ga laifinsu ba. Na gama biyan bashi a 2017. A ƙarshen 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, galan ɗin mai ya zama abin tsoro, shawara iri-iri na sha: ki maimaita man suya, ki haɗa shito da gari ya yi auki. Na rage girman ludayi na kuma faɗa wa kowa da bakina cewa na rage. Wani tsohon mai saye ya yi fushi ya ce na zama marowaciya, ya yi wata biyu yana saye a gaba, sannan ya dawo bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Sallah kuwa na daina rumfa da kujerun haya. Kaji huɗu nake saya masu rai a kasuwar Mallam Atta ranar jajibiri, a yanka a gabana. Tuwo da ayoyo, shinkafa, masa, sobolo mai citta. Wanda ya zo bayan nama ya ƙare, in ce masa ya ƙare, ga tuwo. Na lura ba wanda ya taɓa tashi don haka. Abin da na samu kuma shi ne zama: da can ina bakin murhu har baƙi su tafi ban san wa ya zo ba, yanzu ina zaunawa a tabarma in ji wa ya yi jika, wa ke jinya. Faccalata tana nan tana rumfarta, da yamma mukan je can mu ci kaji, kuma gaskiya ta iya suya.

Langa mai furen shuɗi ban daina aikawa ba. A 2016 ta dawo yadda ta tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Haka a 2017, haka a 2018, Ƙarama da Babba. Muna gaisawa da Anti, ta yi wa 'yata ɗinkin aure ma, amma kazar Buronya ta daina zuwa wajen malam. A 2019, shekarar da Babban Limami ya cika shekara 100 har ya je cocin Christ the King ranar Ista aka yi ta magana, na zuba masa zalla a langar, babu nama babu miya, na kai da kaina. Ta karɓa. Washegari ta dawo da lemu uku a ciki. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka kamar ranar da Mma ta rasu.

A Ƙaramar Sallar da ta wuce jikan nata ya shigo da abokansa biyu. Shekararsa 14, ya fi ni tsawo, murya ta fara buɗewa. Ban san abin da aka gaya masa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ya cinye farantinsa ya miƙo ya ce, "Mma, akwai sauran kaza?" Cinya ɗaya ta rage, wadda na ajiye wa kaina. Anti tana zaune a bakin ƙofarta, gashi ya yi fari fat, tana kallonmu. Na gutsuri tsokar na ci a gabanta, sannan na sa masa sauran. Ba ta ce komai ba. Na ɗauki faranti na je na durƙusa na ce, "Anti, bismillah." Ta duba shinkafar, ta duba miyar, ta sa hannu ta ɗauki masa biyu.